Ranar Da Aka Sauko Da Ni Da Igiyar Guga

Ba zan taɓa mantawa da tashin ƙungiyar samarinmu ba, ko da kuwa na so in manta, don mutanen garin ba su bar ni ba.

Zamanin Turawa ne, ana sauran 'yan shekaru a ba mu mulkin kai. En'e, wato hukumar gargajiya, ta tura ni koyarwa a elementaren wani gari a ƙasar Roni, ina saurayi ɗanye shakaf, ina ji da boko kamar ni na ƙirƙiro shi. Ban daɗe ba Dagaci ya kira ni. Ya ce da zarar an cire gyaɗa samarin garin sai su rabu biyu, rabi su tafi cin rani, rabi su zauna gindin tsamiya suna dara da musu. Yana so in tattara su in koya musu riƙon jama'a, don gobe su ne dattawan garin.

Jama'a kuwa suka ba da hannu. Sarkin Noma ya ba mu fili mu yi lambu, Sarkin Maƙera ya ƙera mana fartanyu, Liman ya bar mana inuwar ƙofar masallaci, Inna Kande mai fura ta ce duk ranar taro ƙwarya ɗaya a kanta. Na raba samarin rukuni-rukuni, kowane da shugabansa. Rukunin ƙarshe na ba wani yaro Tanko, mai in'ina, wanda in ya fara sallama sai ka gama shan fura bai kai ƙarshe ba. 'Yan uwansa suka yi ta dariya, na ce shi ɗin dai. Muka yashe rijiyoyi, muka cike ramukan hanyar kasuwa, na koya musu ɗaurin igiya iri-iri da yadda ake ɗaukar wanda ya karye. Ina da usur a wuya, kuma sun san idan na ja busa mai tsawo, wani na neman agaji.

Karatuna kullum ɗaya ne: "Shugaba shi ne a gaba. Kada ka sa mutum abin da kai ba za ka iya ba." (Har yau ina ganin maganar gaskiya ce. Bakin da ya faɗe ta ne bai san kansa ba.)

Da rani ya tsaya, Dagaci ya gayyato Hakimi ya zo ya ga abin da muke yi. Idan ya yaba, filin lambu ya zama na ƙungiya har abada, a kuma kafa irinta a sauran garuruwa. Idan bai yaba ba, kowa ya koma gindin tsamiya. Muka shirya za a kafa tutar ƙungiya a kan wani dutse da ke bayan gari, dogo, mulmulalle kamar an kifa tulu. Yaran garin kan hau shi ba takalmi, tun suna kiwon awaki.

Tanko aka zaɓa ya kai tutar. Amma da na ga taro ya cika, ga Hakimi a kan kujera, ga dattawa a kan tabarmi, ga 'yan mata can gefe (cikinsu har da 'yar Sarkin Noma, wadda nake zuwa zance wurinta), sai shaiɗan ya raɗa mini wata shawara. Na karɓe tutar daga hannun Tanko.

"Ma-ma-malam," in ji shi, "ta-takalmin nan..."

"Shugaba shi ne a gaba," na ce da ƙarfi, yadda Hakimi zai ji.

Na kama hawa da gajeren wandona na kaki da doguwar safa da sabon takalmin kambas. Hawan bai ba ni wuya ba, don idona na sama. Na kai, na cusa sandar tuta a wata tsaga, makaɗa suka saki kalangu, mata suka rangaɗa guɗa. Na ɗaga hannu kamar Gwamna.

Sannan na juyo, na dubi ƙasa.

Jama'a, ashe haka dutsen nan yake? Rawanin Hakimi ya koma kamar ƙwan zabuwa. Na miƙa ƙafa ɗaya, kambas ya zame, na dawo da ita da sauri na zauna daɓas.

Da farko na yi dabara. Na kare ido da hannu kamar ina duba ƙasar Gwiwa da ke maƙwabtaka da mu. Da wannan ya ishe ni, na ɗaga tafuka kamar ina yi wa ƙungiya addu'a. Mutane suka shafa, ban sauko ba. Na sake ɗagawa, suka sake shafawa. Kiɗa ya mutu. Can na jiyo muryar Liman: "Malam, la'asar fa ta kawo jiki!"

Na dubi usur ɗin da ke wuyana. Na yi ta kokawa da zuciyata, daga ƙarshe na sa shi a baki na ja busa mai tsawo.

Abin da ya biyo baya, da a ƙasa nake da na yi alfahari da shi. Tanko ya buga tsawa, kuma wallahi harshensa bai sarƙe ko sau ɗaya ba: "Audu, igiyar guga! Rukunin Sale, ku tsaya ƙasa da bargo! Ku huɗun nan, ku biyo ni!" Kafin in gama salati sun iso kaina. Tanko ya zare mini takalmi, ya zagaya igiya a ƙirjina, ya yi ɗaurin nan da ni na koya masa.

"Rufe ido, Malam," ya ce a hankali. "Mu-muna riƙe da kai."

Suka zuro ni kamar buhun gero. A tsakiyar hanya igiya ta ɗan ja, na yi lilo a sarari, bakina ya ƙwace mini: "Wayyo Inna!" Dutse ya amsa, ya maimaita wa duk wanda bai ji ba.

Da na dira, Tanko ya je gaban Hakimi ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, gwa-gwaji ne. Malam ya shirya ne don a ga yadda muke ceton mutum."

Allah ya saka wa yaron nan. Saura ƙiris a yarda, sai Inna Kande ta ce daga bakin ƙwaryarta, "Kai ɗan nan, ni uwa ce. Wannan wayyo Inna daga hanji ta fito."

Wuri ya fashe da dariya. Sarkin Noma ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. 'Yarsa kuwa ban ko kalli inda take ba. Hakimi ya bari aka lafa, ya dube ni da murmushi ya ce, "Malam, ko gwaji ne ko ba gwaji ba, na ga abin da na zo gani. Yaran da za su sauko da malaminsu, su kuma rufa masa asiri, sun isa a ba su jama'a." Ya tabbatar mana da fili, ya ce Tanko ne Sarkin Samari daga ranar.

Ni kuma na samu tawa sarautar, ba rawani. Har na bar garin, ko yaron goye in ya gan ni sai uwarsa ta ce masa, "Gai da Malam Sauka Lafiya."

Tun daga nan, duk matashin da ya zo mini yana zumuɗin shugabanci, nakan ce masa ya hau, ban hana shi ba. Amma kafin ya ɗaga ƙafa, ya tabbata ya yi wa na ƙasa tarbiyyar kirki, don wata rana su ne za su riƙe masa igiya.