Yadda Jaridar Kifi Ta Riga Rabi Sa Hannu a Rigata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka rubuta jarrabawar ƙarshe ba, ko da na so in manta, 'yan ajinmu ba za su bari ba. Na gama makaranta, jama'a! Na fito! Amma kafin ku taya ni murna, bari ku ji yadda na fito.

Kun san al'adar sayin awut: kowa ya zo da farar riga, ana fitowa daga hol a hau rubuce-rubuce a jikin juna da biro mai kaurin baki. Tawa sabuwa ce dal, fara ƙal, ta sha guga har tana ɗaukar ido. Baya da hannuwa duk na sakar wa jama'a. Amma ƙirji, ɓangaren hagu, na ce babu mai taɓawa. Ɗanlami, mutumina ɗan Garatu, ya kawo biro na doke hannunsa.

"Baba, fili ka saya a nan?" in ji shi.

"An riga an kama."

Wajen Rabi ne. Rabi 'yar ajinmu ce, daga Paiko take shigowa kullum a bas. Tun shekarar farko nake shirya abin da zan faɗa mata, duk lokacin da na matso sai in ji bakina ya ce, "Kin yi asamen?" (A waya kuwa, a gurup ɗin aji, ni zaki ne, babban yatsana ba ya gajiya. A fili ne netwok ke ɗaukewa.) Ranar nan ita ce ta ƙarshe. In ta hau motar Paiko da yamma babu sa hannunta a rigata, babu lambarta a wayata, to shi ke nan, an rufe shafi.

Na daure na je na miƙa mata biro. Ta kalli filin, ta kalle ni, ta yi murmushi.

"Kyauta? Yunwa nake ji. Kai da kake cika mana kunne da kifin unguwarku, je ka kawo. Kuma a jarida, ban da wannan farar robar mai sa dankali ya yi laɓo-laɓo. In ya iso da zafinsa, in sa maka hannu."

Kafin ta rufe baki na ɗare mashin.

Maman Joy ce mai kifin, a bakin titi a Sauka Kahuta, kuma naɗinta abin kallo ne. Za ta yago shafin tsohuwar jarida, ta ninka biyu, ta murɗa shi kamar mazurari. Dankali a ƙasa, karfasa a sama, albasa, barbaɗen yaji. Sai ta kwantar da bakin takardar, ta cusa jelar a ciki. Babu zare, babu roba, amma ko wurgi ka yi da shi ba ya kwancewa. Takarda ta shanye mai, tururi ya fita, dankali ya zauna garas-garas.

"Yau kai ya yi kyau o," ta ce. "Wannan kifi na wa ne? Na yarinya?"

"Mama, ki dai ƙara yaji."

"Bari na sa maka leda."

"Haba Mama, baƙar leda da wannan wankan? Bar shi haka."

(Ku riƙe wannan maganar. Da bakina na faɗe ta.)

Muna hanyar komawa hadari ya haɗo, irin na Minna da ba ya sallama. Yayyafi, sai ruwa. Ni ban damu da kaina ba, kifin nake ji. In ya jiƙe, magana ta lalace. Sai dabara ta zo min, irin ta mai ilimi: na ɗaga riga na cusa ƙunshin a ciki, na manna shi a ƙirji, daidai ɓangaren hagu, na rungume da hannu biyu. Zafi yana cin fatata, ina cewa a raina, ai so ke nan. Mai mashin ya waigo ya ce, "Oga, jariri ne?" Ko kula shi ban yi ba.

Na iso ruwa ya tsagaita, an koma ƙarƙashin rumfa, ana kiɗa ana hotuna. Rabi na tsaye da jakarta a kafaɗa, alamar ta kusa tafiya. Na tako da ƙasaita, na zaro ƙunshin daga cikin riga kamar mai sihiri, na miƙa mata da hannu biyu.

Sai na ga duk idanu sun dawo kaina.

Ɗanlami ne ya fara. Ya nuna ƙirjina, ya buɗe baki, dariya ta hana shi magana, ya zauna daɓas a ƙasa.

Na sunkuya na duba. Jama'a, filin da na tsare tun safe ya samu mai shi. Man kifi mai zafi da lemar ruwa sun haɗu sun kwashe tawadar jaridar sun manna a rigata. Kuma duk shafukan duniya, wanda Maman Joy ta yago na talla ne. Ga hoton wani bawan Allah ya ɗaga babban yatsa yana washe baki, a samansa da manyan baƙaƙe ɓaro-ɓaro: MAGANIN BASIR. Rigar ta jiƙe ta manne, komai ya fito tar, ana karantawa daga nesa.

"Dakta!" Ɗanlami ya samu numfashi. "Dakta, nawa ne kwalba?"

Wayoyi suka tashi sama. Wata ta ce in ɗaga yatsa kamar na hoton. Wani ya ce dama ya lura ba na daɗewa a zaune a lakca. Na sa hannu in goge, na ƙara baza shi, mutumin ya samu gemu. Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin, ko takalmi ba zan tsaya cirewa ba.

Rabi ta zare jelar takardar, tururi ya taso. Ta ɗauki dankali ɗaya ta gatsa, na ji ƙarar garas daga inda nake tsaye. Ta ɓanto kifi, ta lumshe ido.

"Da zafinsa," ta ce. "Kawo biron."

Ta ɗora a ɓangaren hagu, biro ya ƙi kamawa, mai ya hana. Ta sake gwadawa, ina! Sai ta koma dama, inda babu komai, ta yi rubutu kafaɗunta na rawa don dariya. Da ta matsa, Ɗanlami ya karanta wa duniya da ƙarfi:

"Allah ya ba ka lafiya, Dakta. Rabi."

A ƙasa kuma, da ƙananan lambobi, abin da na shekara da shekaru ina nema. Na dafe shi da hannu kafin wani ɗan iska ya kwafa.

Na raka ta har motar Paiko, muna cin dankali daga takarda ɗaya, mutane na karanta ƙirjina a hanya. Wani dattijo ma ya tsayar da ni da gaske yana tambayar ina shagon yake.

Yanzu a gurup ɗin ajinmu hotona ne sitika, sunana kuwa ya bi ruwa, kowa Dakta. Rabi ma haka ta yi sabin ɗina a wayarta, kuma in ta kira ina amsawa da sauri. Rigar tana nan, na hana Umma wankewa.

Darasin da na koya: in mai kifi ta ce bari ta sa maka leda, ka ce na gode Mama. In kuma dole sai ka rungumi jarida, to don Allah ka fara duba shafin.