Gazala da Awartakin Garwashi

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na aika karya farauta ba tare da na sani ba. Ina jin maƙwabtanmu na zango ma ba su manta ba, ko da yake ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarsu ba.

Lokacin na gama jami'a ke nan, ina zaune gidanmu a unguwar Ƙurban ta Madina, ba aikin fari bare na baƙi. Mahaifiyata ta yi wa Ammu Salisu magana, wani dattijo ɗan ƙasa wanda kakansa ya zo hajji daga Kano ya zauna. Yana ba da hayar karafan, ɗakunan nan masu taya da mota ke ja, ga masu fita shan iska bayan gari idan sanyi ya shigo. Yana neman mai kula masa da wurin zangon, amma ya ce sai ya gwada ni.

"Ya waladi, ɗana, takardar shahada ba ta kafa tanti," ya ce. "Mu je Juma'a in ga hannunka."

Na shirya kamar mai shiga jarrabawa. Na ɗauki jallabiyar canji, da wata ta canjin canjin. Da na ji yana da karyar farauta, har tambaya na yi na tabbatar wurin yana wajen iyakar Harami, inda aka hana farauta (ba wanda ya sa ni, haka nake).

Abin da ban shirya masa ba shi ne karyar da kanta, Gazala. Saluki ce, siririya kamar an zana ta da alƙalami, launin yashi, idanunta kamar an sa mata kwalli. Ta dube ni sau ɗaya ta kau da kai. Ni kuwa a gidanmu yawun kare ba abin wasa ba ne, sai na tattare jallabiyata na tsaya nesa.

Ammu ya ɗaure ta a turke ya karanta mini doka. "A nan kowa da dabbarsa. Wancan da shaho, waɗancan da kyanwa. Kare ba ya barin turkensa, ba a ciyar da na wani, abin da ta zubar kuma kai za ka kwashe. Ka ga wancan karafan? Abu Faisal ne, kowace shekara shi da danginsa a wurina suke haya. Kada ya ji ko haushi. Fahimt?"

"Na fahimta, ya Ammu."

Bayan la'asar ya tafi sayo gas, ya bar ni da ita.

Ba a daɗe ba igiyarta ta nannaɗe a turken, ta gajarce, har ba ta iya kaiwa ga kwanon ruwanta. Tana miƙa wuya, harshe a waje. Na shiga shawara da kaina. In na bar ta da ƙishi, alhaki ne. In na matsa, wataƙila ta lashe ni, ga magariba na zuwa. (Kada ku ce me ya hana in tura mata kwanon da ƙafa. Wannan dabarar sai bayan kwanaki ta zo mini, ina cikin bas.) Abin da ya zo mini a lokacin shi ne awartakin da ake ɗaukar garwashi. Dogo ne, na ga zan iya cire maƙalin wuyanta, in warware igiyar, in mayar, ba tare da na taɓa ko gashi ɗaya ba.

Na miƙa hannu, na kama maƙalin, na ce da ƙarfi, kamar yadda nake cewa kafin kowane abu, "Bismillahi!"

Maƙalin ya buɗe. Gazala ta tafi.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ba gudu ba ne irin wanda na sani. Ta miƙe ta zama layi ɗaya, ta naɗe, ta sake miƙewa, a kan baƙaƙen duwatsun nan na harra da ko da takalmi mutum yana ɗingishi a kansu. Rana ta sunkuya, hasken ya bi bayanta kamar ruwan zinariya, ba ƙara, ba ƙura, ƙafafunta kamar ba sa neman izinin ƙasa. Ina tsaye da awartaki a hannu, baki buɗe, ina ta subhanallahi. Wallahi na manta da aiki, na manta da Ammu, na manta ni ne na sake ta.

Ihun wata yarinya ne ya dawo da ni. Daga karafan ɗin Abu Faisal.

Gazala ta dawo a natse, ta ajiye wani farin zomo a gaban ƙafata, da jan zare a wuyansa. Ta zauna tana kallona, kamar mai jiran a ce madalla. Zomon yana da rai, ko ƙwarzane babu, sai dai ya jiƙe sharkaf da yawu yana kyarma.

Jama'a sun fito. Na dubi awartakin, na dubi zomon, na ga ko ni ba zan iya ɗaukar zomo da awartaki ba. Na yar da awartakin. Na kama wuyan Gazala da hannuna na mayar da maƙalin, na rungumi zomon a ƙirjin farar jallabiyata, na ratsa zangon nan kowa na kallo. Larabcin da na yi jami'a da shi ya gudu, sai "malish, malish", wato a yi haƙuri, nake maimaitawa.

Yarinyar ta fizge zomonta. Abu Faisal ya juya shi, ya duba ciki da baya, ni kuwa har na fara tsara yadda zan faɗa wa mahaifiyata. A daidai nan motar Ammu ta tsaya.

"Wa ya sake ta?"

"Ni ne, ya Ammu. Wato, ba saki nake nufi ba, ruwa ne... ina jin maƙalin ne..."

"Me ka ce da za ka cire?"

"Bismillahi."

Ya dafe kai. "La ilaha illallah. Tun tana 'yar ƙarama haka nake aika ta, in cire in yi bismillah. Kai ka aike ta, shi ya sa ta kawo maka! Da me ka cire?"

Na nuna awartakin. Ya fassara wa Abu Faisal, mutumin ya yi dariya har ya zauna a kan tulun gas ɗin. Da ya huce ya ce shekarunsa yana ganin saluki, bai taɓa ganin mai taushin baki irin wannan ba. Ya ce baɗi ma yana nan, da sharaɗin a nesanta shi da mai awartaki.

A hanyar gida, da fitilun Madina suka bayyana, Ammu ya dube ni.

"Ka karya mini doka," ya ce. "Amma ba ka ce igiya ce ta tsinke ba, kuma da ƙafarka ka kai zomon. Halas, shi ke nan, ka fara Lahadi. Gazala kai za ka riƙa fita da ita. Da hannu. Riga kuwa ruwa bai ƙare a Madina ba."

Har yau ina ɗaukar jallabiyar canji, ban fasa ba. Sai dai na gane cewa abin da kake tsoron riƙewa da hannu, in ka riƙe shi da awartaki, ƙarshenta a ƙirji za ka ɗauke shi.