Ranar da Sarkin Kwana Ya Shiga Filin Tsere

A duk ɗaliban Najeriya da ke karatu a ƙasar waje, a unguwar Bukit Jalil, babu direba kamar Ubale, wanda ake wa laƙabi da Sarkin Kwana. Shaidar hakan mai ƙarfi ce, domin daga bakinsa ta fito, laƙabin ma shi ya raɗa wa kansa. Duk tsawon kullen korona motarsa na ajiye a ƙasan bene har batirinta ya mutu, shi kuwa yana ta sheƙa gudu a guruf ɗin ɗalibai.

"Ni fa hanyar Kano zuwa Zariya ce ta yaye ni," in ji shi. "Tuƙin nan garin ai wasan yara ne lah," ya ƙarasa da salon maganar 'yan ƙasar.

Duk wannan huɗuba don Hafsa ake yin ta, wata mai karatun digiri na biyu da yake nema, wadda har yau ba ta ce masa e ko a'a ba. Da aka sassauta doka, wani filin tseren motoci a bayan gari ya ware rana don 'yan koyo, kowa ya zo da motarsa ta gida ya gwada. Ubale ya yi rajista, ya ɗauko Hafsa ta zo ta gani da idonta.

Ya fito da hular kwano a kan takunkumi, har da safar hannu. Aka tara direbobi ana yi musu bayanin tutoci, gogan ya koma gefe yana ɗaukar kansa hoto. Wa zai koya masa?

Aka sake su. Tun a kwanar farko Sarki ya nuna tarbiyya: ya sa sigina, ya danna oda, ya leƙa hagu da dama ko mai babur zai ɓullo. Wata dattijuwa a 'yar ƙaramar mota ta wuce shi, ta zagayo, ta sake tarar da shi. Sai wani ma'aikaci mai riga mai ƙyalli ya kaɗa masa shuɗiyar tuta, wato ya ba na baya hanya.

To, tun daga gida har shingayen kulle, Ubale ya san mai irin wannan riga in ya ɗaga hannu a bakin titi abu ɗaya yake nufi. Ya taka birki a tsakiyar fili, ya sauke gilas, ya miƙa waya da shaidar rigakafinsa.

"Well done, officer! Allura biyu na yi. Boleh, in wuce?"

Motocin baya suka watse cikin tsakuwa, aka ɗaga jar tuta, aka dakatar da kowa. Cikin ladabi aka rako Sarki waje.

Kunya ta kama shi, amma ya dake, ya tunkari Hafsa yana cire safa.

"Hassada ce kawai. Sun ga na fara ɗaukar zafi. Shiga mu je makan, mu ci abinci."

Hafsa ta ɗago daga kan wayarta.

"Na gode, na riga na kira mota," ta ce. "Yau sauri nake yi."