Ranar da Na Sauke Kwallar Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so dangin mijina ba za su bar ni ba, da jeren ƙanwarsa Hauwa a Malam Madori.

A kwanakin nan wata kalma ce ta hana ni sakat. Ina koyar da Hausa a Haɗeja, sai wata ɗaliba ta tambaye ni me ake cewa idan an mai da na gaba baya, ba ƙari ba ragi. Na ce "canja", sai na tuna daga Turanci muka aro ta. Tartibi kuma na Larabawa ne. To namu fa? Sauya? Jujjuya? Birkita? A mota ina ta maimaita su muna wuce gonakin shinkafa, har matar da ke gefena ta ɗauka wuridi nake yi.

Na tarar an gama jere, mata sun fita cin tuwo. Na leƙa ɗakin amarya, na ga wata tsohuwar kwalla a saman kabad, sababbin kwanoni a ƙarƙashinta. Raina ya ƙi kwanciya. Na ce bari in gwada kalmar a aikace (ba wanda ya sa ni, karambani ne kawai). Na jera su daga manya zuwa ƙanana, kwallar kuwa na tura ta can ƙasa.

Ashe ta Gwaggo Asabe ce, yayar surukina. Da ita ake jeren kowace ɗiyar gidan, kuma Gwaggo ce ke ɗora ta da hannunta. Ga shi da ƙyar aka lallaso ta ta zo, don tana ganin dangin uwar amarya sun raina ta.

Ta shigo, ta dubi sama, ta ja mayafinta.

"Na san masu wannan aiki. Ku yi bikinku, na tafi."

Ta nufi ƙofa. Na durƙusa, kunya kamar in nutse.

"Gwaggo, ni ce. Sake jeri na yi."

Ta juyo ta dube ni.

"A'a 'yar nan, birkitawa kika yi. Miƙo min."

Na miƙa mata kwallar da hannu bibbiyu, ta mayar da abarta, sannan ta zauna ta ci tuwo.

Asalin kalmar har yau ina nemansa. Amma na gaya wa ɗalibata, kafin ta sauya wa abu wuri, ta fara tambayar wanda ya ajiye shi.