Rasuwar Butar da Ke Ce Mini Na Gama

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, ni Ummaru mai ɗinkin buhu na tashar bakin iyaka a Magama, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na nan Jibiya da na ƙetare har Maraɗi, rasuwar butata ta alwala. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta rasu ranar Talatar makon jiya kafin Azahar, tana da shekara goma sha tara a hannuna. Wanda zai yi dariya ya yi, na yafe masa tun yanzu, don bai san abin da aka ɗauke mini ba.

Marigayiya 'yar ƙaramar butar dalma ce, haifaffiyar maƙerar Maraɗi, mai murfi ɗaure da sarƙa. Ba za a ce mata kyakkyawa ba, bakinta ma a karkace yake. Amma kafin zuwanta ni abin tausayi ne. Waswasi ya kama ni tun ina saurayi. In na tsuguna alwala, ina kaiwa fuska sai zuciya ta ce, ka yi Bisimilla kuwa? Sai in koma farko. In kai shafar kai, ta ce, hanci fa? In sake. Jarka guda takan ƙare a kaina, liman ya tayar da salla har ya sallame, ina nan tsugune sharkaf kamar kazar da ruwa ya doka. 'Yan tasha har suna suka laƙaba mini, wai Ummaru Bari-in-sake.

Matata Safara'u, Allah ya jiƙanta, ita ta kawo ta. Ta dawo daga biki a Maraɗi, ta dire ta a gabana ta ce, "Malam, daga yau ga shaidarka. In ka cika ta, ka yi Bisimilla kana rufe murfin. Duk sa'ad da zuciyar nan taka ta tambaye ka, dubi murfin. In a rufe yake, ka yi. In ruwanta ya ƙare, alwala ta ƙare, ka yi shahada ka tashi. Wallahi in na ga ka ƙara ko cokali guda, ni da kai ne."

Haka kuwa aka yi. Marigayiya ba mai surutu ba ce. Kalma biyu na sani daga bakinta duk tsawon zamanmu. Ta farko ƙwal, sa'ad da murfi ya zauna tare da Bisimillata. Ta biyu ƙur-ƙur-ƙur, sa'ad da ragowar ruwan ke gangarowa kan ƙafata ta hagu. Da na ji wannan sai in ɗaga kai in ce, Ashhadu an la ilaha illallah, wahdahu la sharika lahu, wa ashhadu anna Muhammadan abduhu wa rasuluhu. In roƙi Allah ya sa ni cikin masu yawan tuba, ya sa ni cikin masu tsarkaka, in miƙe kamar kowa. Ni da ban taɓa riskar raka'ar ƙarshe ba na koma ɗan sahun farko. Da Safara'u ta rasu shekara shida da suka wuce na ce shi ke nan, ciwon zai dawo. Bai dawo ba, butar ta riƙe aikin.

Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Ba ta taɓa ƙin aro ba, direbobin Nijar da na gida duk sun wanke fuska da ita, ko da yake idona na kanta har a dawo da ita. Lokacin da aka rufe iyaka, motoci suka yi layi, ɗinki ya tsaya cak, ni da ita muka zauna ƙarƙashin bishiyar bedi muna jiran kiran salla.

Jinya ta fara ne a daminar bara, da ɗan ɗigo a gindinta. Na kai ta wurin Abbas mai walda, ya juya ta ya ce, "Ummaru, dalma ba ta jin wutata, sai dai ka lallaɓa ta." Na liƙe wurin da ƙaro, na riƙa hanzari don kada ruwa ya ƙare kafin ƙafa. Na ɗauka wannan ɗigon ne ajalinta. Ashe ni ne.

Ranar Talatar na cika ta, ta ce ƙwal, na yi Bisimilla, na wanke hannu. Sai wani ya ƙwala mini kira, buhun wakensa ya fashe yana zuba. Shekara goma sha tara ban taɓa tashi na bar ta a tsakiyar alwala ba, ranar na tashi, na ce ɗinki biyu ne. Ina jan zare na ji ƙwas. Babbar motar nan da mutanen Maraɗi ke kira kamiyo ce ta yi baya, ta take ta. Ko ƙur ɗaya marigayiya ba ta samu ta ce ba. Direban ya sauko yana ba da haƙuri, wai zai sayo mini goma. Na ce ya tafi, ba shi ya ajiye ta a hanya ba.

Ta rasu ta bar tabarma ɗaya, da carbi, da silifas ɗin da suka sha ruwanta. Ta bar murfinta da guntun sarƙa, shi kaɗai ya tsira, kuma na gwada shi a bakin kowace buta a tashar nan bai zauna ba. Sai kuma ni.

Yau kwana tara ke nan ban samu jam'i ba. Ɗiyata Luba ta zo daga Riko da butar roba mai ruwan ganye, tana cewa, "Haba Baba, ai buta buta ce." Allah ya yi mata albarka, amma wannan bebiya ce, ga ƙaton ciki, ruwanta ba ya ƙarewa inda ya kamata. Limaminmu Malam Badaruddeen ya zaunar da ni ya ce, "Malam Ummaru, in Shaiɗan ya ce ba ka yi ba, ƙyale shi ka wuce." Gaskiya ya faɗa, na san wannan tun kafin ya yi gemu. Sani bai taɓa tsayar da hannuna ba. Jiya sau bakwai na yi Bisimilla don La'asar ɗaya, kuma da na kai addu'ar ƙarshe ban yarda na kai ta ba. Tsoro nake ji, jama'a. Ina tsoron mutuwa ta same ni tsugune ina cewa bari in sake.

'Yan gwangwan sun zo za su ɗora ta a sikeli, na kore su. Za a binne ta gobe Juma'a bayan La'asar, a gindin bedin da ke bayan rumfata, inda ƙasar ta saba da ruwanta. Babu wanka, babu salla, na san ba mutum ba ce, ba hauka nake ba. Murfin zai zauna a aljihuna. Masu ta'aziyya kada su kawo buta, uku na nan jingine ba su da amfani. Abu ɗaya nake roƙo: wanda ya riga zuwa ya tsaya a bayana sa'ad da nake alwalar La'asar, in ya ga na wanke ƙafar hagu ya ce da ƙarfi, "Ummaru, ka gama." Ban yi alkawarin zan yarda da shi ba. In kuma kun ga na koma wanke hannu, kada ku jira ni, ku rufe ta.