Rasuwar Hajiya Tsawa, Bindigar Malam Wada

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnen da har yanzu bai daina ƙugi ba, Malam Wada mutumin Gummi, mai tsire a unguwar Hindawiyya, yana sanar da 'yan'uwa Hausawan Makka rasuwar abokiyar zamansa, bindigarsa harba-ka-ruga da aka fi sani da Hajiya Tsawa. Ta cika ranar Talata da hantsi, cikin watan Rajab na shekarar 1367, a dajin da ke bayan iyakar Harami, a hannun maigidanta.

An ƙera marigayiyar a Gummi tun Wada yana saurayi. Da ya ɗaura niyyar hajji a ƙasa, ita ya fara saɓawa kafin ya ɗauki buta. Tare suka ratsa Borno da Darfur, suka yi noman ƙodago a Sudan, suka hau jirgin ruwa a Sawakin tana naɗe cikin tabarma. Ta sha ranar da kowane alhaji ya sha, shi ya sa ba wanda ya yi mata gardamar sunan.

Kowa ya shaide ta da murya. Idan aka ja kunamarta, sai ta yi ƙyas, ta yi shiru tana shawara, sannan ta ce daram! Amma a maganar auna abu a same shi, marigayiyar tana da ra'ayinta. Hagu take so. In Wada ya karkata dama don ya rama, ran nan sai ta tashi da son gaskiya ta tafi daman.

Wannan bai taɓa damun Malam Wada ba, don yana da karatunsa, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a tukubarsa ya haddace shi. Ya kan ce barewa ba kafar allura ba ce. Ƙirjinta ya kai faɗin faifai, saboda haka bindigar da za ta sami faifai ta gama aikinta, abin da ya wuce nan iyayi ne na masu kuɗi. An taɓa rataya mata faifan a Darfur. Ba ta same shi ba, amma ta sami itaciyar da ke maƙwabtaka da wadda aka rataya shi, Wada ya ce ai harbi a wutsiya ya fi kuskure.

Sai Allah ya kawo su garin da aka haramta farauta. A nan ko tattabara ba a kora, balle a auna barewa. Tun daga ranar Hajiya Tsawa ta hau ƙusa a bangon ɗaki, sunan Wada kuma ya hau sama. Shekara da shekaru yana juya tsiren akuya yana ba da labarin barewar da ya kayar tana tsalle, da wadda ya harba ta bayan tsauni. Yaran da aka haifa a nan, waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu, suna kiransa Ammi Wada Sayyadi, wato Baffa Wada maharbi. Ba mai iya cewa a zo a gwada, don shari'a ta tsaya masa.

Ciwon ajali ya faro ne daga bakin uwargidansa Ramlatu. An haifa musu jika, ita kuwa labarin barewa ya kai mata iya wuya, sai ta shaida wa matan unguwa cewa bayan ragon suna, naman barewa za a ci a walima, tunda maharbi a gida yake. Maƙwabcinsu Tijjani, direban motar alhazai, ya ce halas, shi zai kai shi bayan iyaka inda farauta ta halatta. Shi Tijjanin nan yana da sabuwar bindigar Turawa mai fasa finjalin gahawa daga inda mutum ba ya gane fuskar ɗan'uwansa. Dole Wada ya yarda. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, yanar ido ta fara rufe masa gani, har tsinken tsire da lalube yake soka shi.

Sun sami barewa kuwa, ba ta ko wahalar da su ba. Tana tsaye kusa, ta ba da ƙirji, da ɗan jifa ne ma da ya same ta da takalmi. Wada ya duba ya ga barewa biyu, ya kasa sanin wacce ce ta Allah. Ya ninka albarushi, ya zaɓi tsakiya, ya yi bisimilla. Marigayiyar ta yi ƙyas, ta yi shirunta mafi tsawo, sannan ta yi wata ƙara da ba ta taɓa yi ba. Da hayaƙi ya washe, bakinta ya tsage gida biyu. Barewa ta dube su, ta taka a hankali ta tsallaka cikin Harami, ta ci gaba da kiwo.

Nan take Tijjani ya miƙa masa tasa bindigar, ya ce ga wata barewar can a wajen iyaka. Malam Wada ya zauna a ƙasa ya rungume gawa, ya ce ba mutunci ba ne a riƙe wata alhali wannan ko hucewa ba ta yi ba. Ya yi kuka, kuma kukan gaskiya ne. Tun yana saurayi duk kuskuren da ya yi ita ke ɗauka, ba ta taɓa cewa hannunsa ne ko idonsa ba. Ranar da asiri zai tonu a gaban maƙwabci, sai ta zaɓi ta fashe.

Ta rasu ta bar maigida ɗaya, da ƙahon albarushi, da sandar ɗuri wadda Ramlatu ta riga ta mayar abin tone murhu. Ta kuma bar barewa masu yawa daga Gummi har Hijaz, da 'ya'yansu da jikokinsu, dukkansu cikin ƙoshin lafiya.

Za a ɗauki gawar ranar Alhamis bayan la'asar zuwa maƙerar Isa a Rusaifa, inda za a yanke abin da ya ragu na ƙarfenta a yi taɓaryar dakan gahawa. Isa ya tabbatar cewa bakin turmin yana da faɗi, ana sa ran a wannan karon za ta riƙa samu. Zaman makoki a tukuba ne, naman kuma na akuya ne, kada a tambaya.

Iyalan suna roƙon masu zuwa ta'aziyya su zo da addu'a kawai. Malam Wada ya ɗauki alkawarin ba zai ƙara kallon wata bindiga ba har ya koma ga Mahaliccinsa, don haka kada wani mai tausayi ya kawo masa aro. Wannan roƙon ya fi shafar Tijjani.