Ranar da na tayar da keken Ya Modu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin bikin ƙawata Falmata ba, don har yanzu in na ji ƙarar keke mai ƙafa uku a bayana sai na yi tsalle gefe.

Ni aka ɗora wa alhakin kai burabuskon dangin ango daga gidanmu a Mafoni zuwa Abbaganaram, kula uku cike. Yayana, Ya Modu, ya kai mu lafiya a kekensa. Muna tsaye ƙofar gidan biki aka ce mu matsa gaban rumfa. Ya danna sitata, sai "gurr... gurr...", kamar tsoho mai munshari.

"Sitatar ta mutu," in ji shi. "Bari in nemo bakanike. Kada ki taɓa min komai."

Ni kuwa na taɓa. (Ai na ci fiziks a sakandare, kuma duk unguwa sai da ta ji labari.) Na kunna fitila, na danna sitata, na ga hasken ya dushe. Na leƙa batir, ga wani farin gari ya cinye kawunansa, waya ɗaya tana lilo. Na karɓi cokali wurin masu girki na kankare shi tas, na ɗaure wayar da sifana. Gwaggon ango tana kan tabarma tana kallona.

"'Yar nan, kin iya kuwa?"

"Gwaggo, ki zuba ido kawai."

Abin da ban sani ba, burkin hannun Ya Modu ya daɗe da lalacewa, a giya yake barin keken in ya tsaya. Na danna. Wallahi bugu ɗaya ya tashi, ya yi tsalle da ni! Ihu nake ina murɗa abin da na zaci burki ne, ashe wuta nake ƙara masa. Muka kwashe kujeru, muka tuge ƙafar rumfa, kulolin nan suka kife a gaban dangin ango. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo, amma abincin kam ƙasa ta ci.

Gwaggo ta karkaɗe burabusko daga mayafinta ta ce, "Kin iya, 'yar nan. Mun gani."

Ya Modu ya dawo da bakanike, mutumin ya duba ya ce gyaran ya yi daidai. Wannan ne ya fi min ciwo.

Yanzu kafin in tayar da kowane abu, sai na fara tambayar yadda ake tsayar da shi.